Yadda na shafe jakar goyo ta kyanbas da kaki don ta jure ruwan damina

Jakar da na yi wa wannan aiki ta kyanbas ce, wato yadi mai kauri, auduga zalla, ruwan ƙasa, mai cin lita 25. Tana da marfi mai rufowa daga sama, aljihu biyu a gefe da ɗaya mai zif a gaba. Kafin aikin, in yayyafi ne takan jure na ɗan lokaci, domin zaren auduga idan ya sha ruwa kumbura yake yi ya matse ƙofofin saƙa. Amma da ruwa ya kankama, kafin minti goma naso ya ɓullo ta ciki, ta yi nauyi, kuma sai ta kwana biyu ba ta bushe ba.

Abin da na shafa mata kaki ne, kuma aikin gaba ɗaya a kan abu guda ya rataya: dole kakin ya narke ya shige cikin zaren, ya lulluɓe kowane sili. Kakin da ya tsaya a saman yadi ɓawo ne kawai. Da an lanƙwasa jakar zai tsage, ya kankare, ruwa ya bi tsagar. Hannu yana ɗora kaki, zafi ne ke shigar da shi. Duk jakar da na gani ta lalace a wannan aiki, ko dai an lafta mata kaki da yawa lokaci guda, ko kuma ba a ba ta zafin da ya isa ba.

Na fara da tabbatar da yadin. Jakunkuna da yawa a kasuwa kamannin kyanbas kawai suke da shi, alhali zarensu na roba ne, irin su nailan. Na zaro sili ɗaya daga gefen ɗinki ta ciki na kusanta shi da ashana. Auduga takan kama wuta nan take, ta yi warin takarda mai ƙuna, ta bar toka mai laushi da ke murmushewa tsakanin yatsu. Zaren roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri. In abin da ka gani ke nan, ajiye maganar kaki, domin zaren roba ba ya shan sa yadda ya kamata, kuma zafin da za ka ba shi zai iya yamutsa yadin. Irin wannan jaka feshin silikon na gwangwani ne ya dace da ita. Bayan haka na ɗiga ruwa a wurare uku. Ruwan ya shige cikin daƙiƙa kaɗan ya bar tabo mai duhu, alamar babu wani shafi na baya da zai tare kakin. Da ruwan ya dunƙule ya gangara, da na san an taɓa fesa mata wani abu. Na kuma juya cikinta na duba ko an manna mata leda. Jakar da ke da shafin roba a ciki takan ɓanɓare idan ta ji zafi.

Sai wanki. Duk dattin da kaki ya rufe ya zauna ke nan har abada. Na zazzage aljihuna, na kaɗe ƙura da busasshen buroshi, musamman cikin lungunan ɗinki inda yashi ke taruwa. Na wanke ta da hannu a ruwan sanyi da sabulun wanki na sanda, kaɗan. Garin omo na guje shi da gangan: aikinsa shi ne ya sa ruwa ya ratsa yadi, kuma ragowarsa in ta maƙale a zare za ta ci gaba da jawo ruwa ko bayan an shafa kaki. Ɗauraya huɗu na yi, har ruwan ya daina kumfa. Na shanya ta a inuwa mai iska, a juye, kwana biyu cur. Nan ne gaggawa ke ɓata aiki. Saman kyanbas yakan bushe a yini ɗaya, amma wuraren da yadi ya ninku uku ko huɗu, kamar gindi da tushen maɗauri, suna riƙe danshi. In ka rufe danshi da kaki, fumfuna za ta tsiro a ƙarƙashi, baƙaƙen ɗige-ɗige su ɓullo, kuma babu hanyar wanke su. Na matsa takarda mai laushi a kan ninkin gindi na ƙirga ashirin, da ta fito a bushe sannan na yarda. A wannan tsakanin ne na kai wa mai ɗinki ya ƙarfafa tushen maɗauri ɗaya da ya fara warwarewa. Ɗinki a yi shi kafin kaki, domin kaki yana cushe allura da haƙoran keke, kuma kowane sabon hujin allura ƙofar ruwa ce.

Zaɓen kakin shi ya fi cin tunani. Iri biyu ne a hannunmu: kakin zuma da kakin kyandir, wanda daga ɗanyen man fetur ake tace shi. Kakin zuma yana narkewa a digiri 62 zuwa 64. Yana da laushi, yana bin lanƙwasar yadi ba tare da ya karye ba, sai dai yana da ɗan danƙo, ƙura na son sa. Kakin kyandir ya fi shi bushewa da santsi, ya fi araha nesa ba kusa ba, amma gautsi gare shi: in shi kaɗai ka shafa, duk inda jakar ta karya sai farin layi ya fito, har ya riƙa zubar da gari. Shi ya sa ake haɗa su. Sandar kakin da kamfanin Fjällräven na ƙasar Suwidin ke sayarwa don rigunansa da jakunkunansa ma haɗin waɗannan biyun ne. Wasu masu wannan aiki a ƙasashen sanyi sukan ƙara mai ko basilin don yadi ya yi laushi, kamar yadda rigunan kakin Ingila irin na Barbour suke da ɗan maiƙo a hannu. Can ya dace. A inda zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, haɗin mai maiƙo yakan yi laushi fiye da kima, ya goge a jikin tufafi, sannan da hunturu ya kama ƙura jakar ta koma kamar an birkiɗa ta a ƙasa. Man gyaɗa, man ja da man kaɗe kuwa kada ma su shigo lissafi, domin sukan lalace su yi wari, su jawo kiyashi da ɓeraye.

Na gwada haɗi uku a kan ƙyallayen kyanbas masu faɗin tafin hannu: rabi da rabi, kashi biyu na kyandir da ɗaya na zuma, sai tara na kyandir da ɗaya na zuma. Na ajiye su a rana tsakanin azahar da la'asar, na shafa yatsa, na murza su, na yayyafa musu ƙura na kaɗe. Rabi da rabi ya riƙe ƙura. Tara da ɗaya ya yi fararen layuka da yawa. Na tsaya a biyu da ɗaya: giram 80 na farin kyandir marar ƙamshi marar launi, da giram 40 na kakin zuma. A auna da sikeli, domin kyandirori ba nauyinsu ɗaya ba. Giram 120 ɗin ya ishi jakar, har da ɗan guntu da ya rage don gyara.

Kakin zuman da na samo wajen masu sayar da zuma ɗanye ne, da ragowar zuma da tarkacen saƙa a jiki. Na farfasa shi na zuba a tsohuwar tukunya da ruwa lita ɗaya, na ɗora a wuta kaɗan har ya narke, na tace ta cikin tsohon ƙyalle mai laushi zuwa wani kwano, na bar shi ya kwana. Da safe kakin ya daskare a sama kamar faifai, ruwan ya kwashe zaƙin, dattin ya taru a ƙasan faifan na kankare da wuƙa. In ka tsallake wannan, zaƙin da ya rage zai tara wa jakarka kiyashi. Na bar faifan ya bushe sarai kafin na auna, domin ɗigon ruwa a cikin narkakken kaki tartsatsi yake yi.

Wajen narkarwa ban ɗora kaki kai tsaye a wuta ba. Na zuba gutsattsarin a gwangwanin madara mai tsabta, bayan na zare lagwanin kyandirorin, na tsayar da gwangwanin a cikin tukunya mai ruwa da ya kai rabinsa. Ruwa ba ya wuce digiri 100, don haka kakin ba zai kai zafin kama wuta ba. Minti goma sha biyar ya narke, na juya da tsinke, na zuba a gwangwanin kifi guda biyu da na wanke tas, suka daskare suka zama sanduna kamar sabulu. Na bar kamar cokali uku a gwangwanin farko saboda ɗinki. Marfin tukunya ya kasance kusa da hannu. In kaki ya kama wuta rufe shi ake yi a kashe murhu. Watsa masa ruwa fantsama wutar yake yi.

Akwai masu narkar da kaki a fetur ko kananzir don ya yi saurin shiga yadi. Ina roƙon kowa ya bar wannan hanya. A ranar 6 ga Yulin 1944, a birnin Hartford na Amurka, babbar rumfar wasa ta kyanbas da aka shafe da kakin kyandir narkakke a fetur ta kama wuta ta cinye cikin 'yan mintoci, mutum sama da 160 suka mutu. Ko ba fetur, yadin da ya sha kaki ya fi wanda bai sha ba son wuta, don haka jakar ta riƙa nisantar murhu da fitila.

Kafin shafawa na shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur, na zura katako mai faɗi a cikin jakar domin yadin ya miƙe a kan abu mai tauri. Na rufe fatar da ke jikin maɗauran marfi da ƙullayen roba da salatif na takarda. Ɓangaren da ke manne da bayan mai goyo da cikin maɗauran kafaɗa ban shafa musu komai ba. Zafin jiki da gumi da gogayya za su kwaso kakin su ɗora a riga, kuma tabon kaki a farar shadda ba ƙaramin aiki ba ne. Ga shi kuma bayan mutum ya riga ya tare wa wannan ɓangare ruwa. Na fara gwaji a ƙarƙashin marfi inda ido ba ya kaiwa, domin kaki yana duhunta launi: ruwan ƙasar ya koma kamar na jiƙaƙƙen yadi, kuma haka zai tsaya.

Shafawar ita ce kamar goga sabulu a busasshen yadi. Na ɗauki fili mai faɗin tafin hannu biyu, na goga sandar da ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, sannan daga hagu zuwa dama, har wurin ya yi fari-fari kamar an shafa alli amma ana iya ganin saƙar ta ƙarƙashi. In saƙa ta ɓace, kakin ya yi yawa. In sandar ta yi tauri tana tsalle a kan yadin, ajiye ta a rana minti biyar, ko ka ɗan ɗumama yadin tukuna. Sai na kunna na'urar busar da gashi a zafi mafi ƙarfi, na riƙe ta kamar yatsa huɗu daga yadin ina zagayawa a hankali. Abin da za ka gani a sarari yake: farin ya fara ƙyalli, ya zama ruwa, sannan cikin daƙiƙa biyu ko uku yadin ya shanye shi, ƙyallin ya mutu, wurin ya yi duhu bai ɗaya. Wannan mutuwar ƙyallin ita ake jira. In ka janye zafi tun wurin na ƙyalli, kakin zai daskare a sama. Tun wurin na da ɗumi na murza shi da tsumman auduga marar gashi, ina tura kakin cikin saƙa ina kwashe rarar.

Dutsen guga ma yana yi, kuma a shimfiɗaɗɗen wuri ya fi na'urar sauri. Na gwada shi a marfin: zafi mafi ƙanƙanta, babu tururi, da farar takarda marar rubutu tsakaninsa da yadin, domin tawadar jarida takan koma jikin jaka. Illarsa takardar tana shanye wani kaso na kakin, kuma ba ya shiga lungu. Dutsen guga na gawayi yakan zarce zafin da ake so. Mai amfani da shi ya bari ya huce har ɗigon ruwa ya daina tsalle a kansa, kuma ya kiyaye tartsatsi. Zafin rana kaɗai yana tausasa kaki ya sauƙaƙa goga, amma da na gwada, bai narkar da shi daidai ko'ina ba, wani wuri ya sha wani ya tsaya fari.

Jikin jakar na yi masa shafi biyu, da hutun awa ɗaya a tsakani. Marfi da gindi, inda ruwa ke sauka da inda ake dire ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa, shafi uku. Na biyun bai ci kaki kamar na farko ba, na ukun kuma da ƙyar yadin ya karɓa. Idan ka ba da zafi kakin ya ƙi shiga, yana ta yawo a sama, yadin ya ƙoshi, goge ka wuce. Na riƙa leƙa ciki: ɗan duhu-duhu a bayan yadin alama ce mai kyau, amma in kaki ya ɓullo har yana maiƙo a yatsa to ya zarce, zai ɓata littafi ko tufafin da aka sa.

Ɗinki ya ci kusan rabin lokacin aikin, kuma ya cancanta, domin ruwa ba kasafai yake ratsa tsakiyar yadi ba, hujin allura yake bi. Sanda ba ta kaiwa cikin kwarin ɗinki. Na mai da gwangwanin nan cikin ruwan zafi, na tsoma tsohon buroshin haƙori, na bi kowane layi da shi, santimita goma-goma. Kakin yakan daskare da ya taɓa yadi ya yi farin tudu, sai na bi shi da zafi, ina buɗa ɗinkin da yatsa don ya gangara cikin hujin, na goge rarar. Zaren ɗinki sau da yawa na roba ne ko da yadin auduga ne, saboda haka ban tsayar da zafi a wuri ɗaya fiye da daƙiƙa biyar ba. Yadin da ke gefen zif na shafa masa da bakin sanda. Haƙoran kuwa kyandir na ɗan goga musu sau ɗaya don santsi, domin in kaki ya cika su yashi yake tarawa.

Na rataye ta kwana biyu a inuwa, baki a buɗe. Ta fito da tauri kamar kwali, sai na murza ta da hannu, na lanƙwasa ko'ina, ta saki. Layukan da suka ɗan yi haske a wurin lanƙwasa ba aibi ba ne, halin yadin kaki ke nan.

Don gwaji na cika ta da jarida a dunƙule, na rufe, na rataye, na riƙa kwarara mata ruwa da bokitin ban ruwan shuka na minti goma. Ruwan ya dunƙule yana gangarowa kamar a ganyen gwaza. Da na zaro jaridar, wuri biyu ne suka jiƙe: tushen maɗaurin hagu daga sama, inda ɗinki ya ratsa ninki huɗu, da ƙasan aljihun zif. Na bar ta ta bushe kwana ɗaya, na sake bin tushen maɗaurin da narkakken kaki ta waje da ta ciki, gwaji na biyu ya fito a bushe. Aljihun zif kuwa bai daina ba, kuma ba zai daina ba, domin ruwa ta tsakanin haƙora yake shiga. In zif ba shi da leɓen yadi da ke rufe shi, a sa a ɗinka masa, ko a daina ajiye abin da ruwa ke ɓatawa a wurin.

Matsalolin da kan biyo baya kusan duk zafi ne maganinsu. Farin dabbare-dabbare kaki ne da bai shiga ba, a sake ɗumama shi. Danƙo a hannu bayan kwana uku yawa ne, a ɗora farar takarda a bi da dutsen guga mai ɗumi, takardar ta tsotse rarar. Wurin da ruwa ke jiƙa shi ya yi duhu maimakon ya gangara, kakinsa ya yi kaɗan, a ƙara shafi ɗaya bayan ya bushe. Fumfuna ce kaɗai ba ta gyaruwa sosai, ita kuma daga danshin farko take, ko daga ajiye jaka a jiƙe cikin ɗaki marar iska.

Jakar yanzu tana jure ruwan sama na tafiyar rabin awa zuwa awa ɗaya, da raɓa, da dirarwa a jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ba za ta jure faɗawa rafi ba, kuma a ruwan marka na yini guda danshi zai sami hanya ta ɗinki. Waya, takardu da kwamfuta har yanzu a leda mai kauri nake ƙulle su kafin su shiga ciki. Daga yau kuma ta yi sallama da sabulu da ruwan zafi da injin wanki, domin duk suna cire kaki. In ta yi laka a bari ta bushe a kaɗe da buroshi, a goge da tsumma mai ruwan sanyi. Ba a barin ta cikin rufaffiyar mota a rana, kakin zai yi laushi ya taɓa kujera. Guntun sandar da ya rage, kamar giram 20, na naɗe shi a takarda na jefa a aljihun gefe. Kafin ruwan farko na baɗi zan sake bin gindi, marfi da kusurwoyi, inda gogayya ke fara cinye kakin.